Wa Zai Saya Idan Kowa Sayarwa Yake Yi?

Wasiƙar babban banki ta iso ranar Litinin da hantsi, shafi biyu, da wani dogon jadawali a manne. Shekarata huɗu ke nan a sashen auna haɗari na bankin da nake wa aiki, kuma karo na uku da gwajin juriya zai bi ta kan teburina. Sai dai wannan ne karon farko da shugabar sashenmu ta ce ni zan ja ragamar aikin tun daga tushe har ranar miƙawa. Mako goma aka ba mu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, gwajin juriya tambaya ɗaya ce aka baza ta cikin ɗaruruwan layuka: idan al'amura suka dagule kamar yadda muka zayyana muku, jarinku zai iya shanye asarar? Babban banki ne ke tsara mummunan yanayin, ya aika wa manyan bankuna duka iri ɗaya. A namu, tattalin arziki ya tsuke shekara biyu a jere, rashin aikin yi ya yi tsalle, farashin gidaje ya zube, kuɗin ruwa ya hau, darajar kuɗin ƙasa ta faɗi. A saman shafin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ba hasashe ba ne. Ba wai ana cewa zai faru ba. Ana cewa, to in ya faru fa?

Makonni huɗun farko a tattara bayanai suka tafi, kuma nan ne wahalar aikin take. Kowane bashi da muka bayar sai an san abu uku a kansa: yiwuwar mai shi ya kasa biya, nawa za a iske ana binsa ranar da ya kasa, da kuma nawa za mu rasa bayan mun sayar da abin da ya jinginar. Na ukun nan shi ya hana ni barci. Na buɗe fayil ɗin wani bashin gine-gine, sai na ga ƙimar filin da aka jinginar tun ranar da aka ba da bashin take, shekara shida ba wanda ya sake aunawa. Na buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. A wani wurin kuma na iske kamfanoni uku masu suna daban-daban, kowanne bashinsa bai kai iyakar da doka ta sa wa mutum ɗaya ba, amma da na bi takardun rajistarsu sai ga sa hannun mutum ɗaya a ƙasan dukkansu. In ya faɗi, su ukun za su faɗi tare. Muka haɗe su wuri guda, lambar ta yi muni, muka rubuta ta a yadda take.

Daga nan sai lissafin jari. Ba a auna jarin banki da jimillar kadarorinsa kai tsaye. Kowace kadara ana ɗora mata nauyi gwargwadon haɗarinta, sannan a raba jarin da jimillar nauyin. Ƙa'idojin Basel III, waɗanda kwamitin sa ido kan bankuna da ke birnin Basel na Suwizalan ya fitar a watan Disambar 2010, sun ce mafi ingancin jari, wato na masu hannun jari da ribar da aka tara, kada ya gaza kashi 4.5 cikin ɗari. A kan wannan akwai ƙarin kashi 2.5 na tanadi, jimilla kashi 7. Bankin da ya fara cin wannan tanadin ba a rufe shi, amma ana ɗaure masa hannu wajen raba riba da biyan manyan ma'aikata ladan ƙwazo. Kowa a hawa na sama ya san wannan layin, kuma ba wanda ke son a kusance shi.

A mako na bakwai sakamakon farko ya fito. Jarinmu ya tsaya a saman layin, amma da ƙyar, a shekara ta biyu ta mummunan yanayin. Sai muka koma ga shafin da ake kira matakan da shugabanni za su ɗauka, inda banki ke bayyana abin da zai yi don ceton kansa. Na zauna da mutanen baitulmali da na sashen bashi muka cike shi cikin kwana biyu. Za mu sayar da wani kaso mai kauri na takardun lamunin gwamnati da ke hannunmu. Za mu daina sabunta bashin 'yan gine-gine da ƙananan kamfanoni idan wa'adinsu ya cika. Za mu janye kuɗin da muke ba wasu bankuna aro na dare ɗaya. Da aka saka waɗannan cikin lissafi, jarinmu ya ɗago sosai. Kowane mataki a cikinsu mai hankali ne, kuma har yau in aka tambaye ni a kan bankinmu shi kaɗai, zan kare shi. Hukumar daraktoci ta sa hannu, muka miƙa kwana ɗaya kafin wa'adi.

Tambayoyi suka yi ta zuwa ta imel, ƙanana-ƙanana, muna amsawa. Bayan mako uku sai aka kira mu ganawa.

Na shiga ɗakin ina sa ran ganin masu duba bankinmu da na saba da su, waɗanda suka san fayilolinmu kamar tafin hannunsu. Suna nan, amma a gefe suka zauna. Wanda ya jagoranci zaman wani dattijo ne daga sashen kula da daidaiton tsarin kuɗi, mutanen da mu a ofis muke kira 'yan makro. Aikinsu ba banki ɗaya ba ne. Tsarin gaba ɗayansa suke kallo, da yadda bankuna ke ɗaure da juna da kuma sauran tattalin arziki. Ya yaba wa tsabtar bayananmu, har ya ambaci kamfanoni ukun nan da muka haɗe. Sannan ya haska wani shafi a bango, an goge sunayen bankuna, an bar lambobi kawai. Matakan ceton kai ne na duk bankunan da suka shiga gwajin, an jera su gefe da gefe.

Kusan kowa abin da muka rubuta ya rubuta. Takardun lamuni iri ɗaya, a wata ɗaya. Bashin gine-gine da na ƙananan kamfanoni, kowa zai tsuke. Aron dare ɗaya, kowa zai janye, alhali rabin waɗanda za su janye ɗin sun rubuta a wani shafin cewa da irin wannan aron za su cike giɓinsu.

Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, takardun nan da za ku sayar, a wane farashi kuka lissafa su?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a farashin da yanayin gwajin ya bayar."

Ya ce, "To, wa zai saya? Duk wanda ke da ƙarfin sayen wannan adadin yana cikin jerin nan, kuma shi ma sayarwa yake yi."

Ban da amsa, shugabata ma ba ta da ita. Ya nuna mana jimillar abin da aka ce za a sayar, ya ajiye ta kusa da cinikin da kasuwar ke yi a wata guda lokacin lafiya. Ta ninka shi ba sau ɗaya ba. Ma'ana farashin zai ruguje ƙasa da abin da kowa ya lissafa, kuma takardun da suka rage a hannun kowa, har da bankin da bai sayar da komai ba, za su rage daraja. Wannan sabuwar asara za ta ci jari, cin jarin ya tilasta sabon sayarwa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma gaskiya ne, mun san namu. Abin da ba mu sani ba shi ne, duk ɗakunan rufi ɗaya ne ya lulluɓe su.

Ya ɗauki alƙalami ya yi mana wani ƙaramin lissafi a allo, wanda tun daga ranar nake yi wa duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini. A ce banki na da bashi a waje na 100, jarinsa 10, wato kashi 10 cikin ɗari. Ya yi asarar 3. Jari ya koma 7, bashi ya koma 97. In yana son ya koma kan kashi 10, hanya biyu ce. Ko ya nemo sabon jari na kusan 3, ko ya rage bashin da ke waje zuwa 70. A lokacin rikici ba mai son zuba sabon kuɗi a banki, su kuma tsofaffin masu hannun jari ba sa son sabbin masu zuba jari su rage musu kasonsu, don haka hanya ta biyu ake bi. Asarar 3 ta haifi yanke bashi na 27. Mai duba banki ɗaya zai ga lamba ta koma daidai, ya ce madalla. Amma 27 ɗin nan kamfanoni ne da aka hana su kuɗin sayen kayan aiki, su sallami ma'aikata, ma'aikatan su kasa biyan bashin gida a wani bankin. Shi ya sa, in ji shi, gwajin da Amurka ta yi wa manyan bankunanta 19 a 2009 ya burge shi: bankuna 10 da aka samu da giɓi, an ce su nemo kusan dala biliyan 75 ne a dunƙule, adadin kuɗi ba kaso ba, don kada wani ya cike giɓinsa ta hanyar hana mutane bashi.

Aka ba mu mako uku mu sake lissafi. Wannan karon ba a yarda a rage bashi ba, duk wanda wa'adinsa ya cika sai a ɗauka an maye gurbinsa da irinsa. Takardun lamuni kuma in za a sayar, da ragin farashi mai zafi da su suka ƙayyade bisa jimillar abin da kowa ya ce zai zubar. Sakamakonmu ya nutsa cikin kason tanadi a shekara ta biyu. Bai taɓa kashi 4.5 ba, amma ya shiga inda ake taƙaita raba riba. Ni na kai wa shugabata takardar. Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta ce, "Haka za ka kai musu sama, kada ka sassauta ko kalma ɗaya."

A darare na wannan makon ne na koma na karanta asalin wannan tunani, domin na ji nauyin cewa shekara huɗu ina aikin ban fahimci rabinsa ba. Tun a watan Satumbar 2000, Andrew Crockett, wanda a lokacin shi ne babban manajan Bankin Daidaita Biyan Kuɗi na Ƙasa da Ƙasa da ke Basel, ya yi jawabi yana jan hankali cewa abin da ya dace ga kowane banki shi kaɗai na iya zama ɓarna idan kowa ya yi shi lokaci guda, kuma haɗari a lokacin bunƙasa yake taruwa, lokacin faɗuwa bayyana kawai yake yi. Ba a ɗauki maganar da nauyin da ya kamata ba sai da aka ga dogayen layukan masu cire ajiya a ƙofar bankin Northern Rock a Birtaniya a Satumbar 2007, sannan bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008. Bankuna da yawa da suka shiga uku a lokacin, a takarda sun cika ƙa'idar jari. Bayan haka ne aka kafa hukumomin da aikinsu kallon tsarin baki ɗaya: ta duniya da ƙungiyar G20 ta kafa a 2009, ta Amurka da ta Tarayyar Turai a 2010.

Watanni biyu bayan gwajin, babban banki ya fitar da matsayarsa, kuma ba a kan bankinmu kaɗai ba. An ɗaga abin da muke kira jarin ko-ta-kwana, wato ƙarin jarin da ake ɗora wa bankuna duka idan bashi na kumbura fiye da kima, a sauke shi idan rikici ya zo. A tsarin Basel yana tsakanin sifili da kashi 2.5, ana ba da sanarwa har ta wata goma sha biyu kafin ƙarin ya fara aiki, saukewa kuwa nan take. Ma'aunin da aka fi kallo shi ne yawan bashin da ke kan jama'a da kamfanoni idan aka kwatanta da jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara, da yadda ya zarce hanyarsa ta dogon lokaci. In ratar ta haura maki 2 a fara ɗorawa, in ta kai 10 a kai shi ƙarshe. A ganina wannan ma'aunin shi kaɗai ba ya isa, kuma takardar tasu ma ba ta jingina da shi kaɗai ba. Sun kawo farashin gidaje, da nauyin biyan bashi a kan albashi, da abin da suka gani a zagaye na biyu na gwajinmu.

Shugaban sashen bashi bai ji daɗi ba ko kaɗan, kuma ban ga laifinsa ba. Ya same ni a ofis ya ce, "Bashinmu na biyuwa, masu kasa biya ba su taɓa yin ƙaranci kamar bana ba, sai yanzu za a ɗaure mana kuɗi? Kuɗin da aka kulle kuma ai ba a sakinsa." Na ce masa, "Yallaɓai, lokacin da kowa ke biya ai shi ne kaɗai lokacin da za a iya tarawa." Game da sakin kuma na tuna masa ranar 11 ga Maris, 2020, da annobar korona ta kunno kai, Bankin Ingila ya sauke nasa daga kashi 1 zuwa sifili, ƙasashe da dama suka yi makamancin haka, don bankuna su ci gaba da ba da bashi. Bai gamsu ba, ya ce ko an saki, wane banki ne zai yarda ya zama na farko da za a ga jarinsa ya yi ƙasa? A nan ya fi ni gaskiya. Wannan matsala ce da har yanzu ba a warware ta ba: hukuma na iya cewa ku taɓa tanadin, kasuwa kuma ta hukunta wanda ya fara taɓawa.

Mataki na biyu shi ya fi ci mini rai. An sa iyaka kan bashin gida: kason kuɗin gidan da banki zai iya bayarwa, da kuma ninki nawa na abin da mutum ke samu a shekara, tare da wani ɗan gurbi na waɗanda za a iya ɗaga wa ƙafa. Ba sabon abu ba ne a duniya. Hong Kong ta daɗe tana yi tun farkon shekarun 1990. Birtaniya a 2014 ta ce bashin da ya kai ninki huɗu da rabi na kuɗin shigar mai karɓa kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari na sabbin basussukan gida da banki ke bayarwa. Hujjar a bayyane take. Iyalin da suka ciwo bashi har wuya, ko ba su kasa biya ba, da zarar abu ya taɓa su sai su yanke duk wani kashe kuɗi don su riƙe gidan, kuma idan dubban iyalai suka yi haka tare, kasuwa ce ke mutuwa.

Ni aka ɗora wa shigar da ƙa'idar cikin manhajar tantance masu neman bashi. Wata na uku da fara aikinta, wata jami'ar reshe ta kira ni, muryarta a dushe. Tana da malamar makaranta da mijinta a gabanta, shekara tara suna biyan haya mafi tsada fiye da abin da za su riƙa biyan banki duk wata, ba su taɓa saɓa alƙawari ba. Kuɗin da suka tara na kafin alƙalami ya gaza da ɗan kaɗan, gurbin ɗaga ƙafa na wannan zangon kuma ya cika. Ta ce, "Malam, babu wata hanya?" Na sake duba fayil ɗin layi-layi ko akwai kuɗin shigar da aka manta ba a saka ba. Babu. Na ce ta roƙe su su jira zango mai zuwa, zan sa sunansu a farkon jeri. Ba su jira ba, mai gidan ba zai jira su ba. Daga baya ta faɗa mini sun je wani kamfanin ba da rance da ba banki ba, wanda ƙa'idar ba ta hau kansa ba, suka karɓa da kuɗin ruwa mafi tsada.

Wannan ya tsaya mini a rai ta fuska biyu. Na farko, ƙa'idar ta fi danne wanda ba shi da iyayen da za su cika masa kuɗin farko, kuma shi yana ganin abin da aka hana shi, amma rikicin da aka kauce wa ba wanda zai taɓa ganinsa. Na biyu, haɗarin bai ɓace ba, ya ƙaura ne zuwa inda ido bai kai ba sosai. Na rubuta duka biyun a rahoton wata uku da muke aika wa babban banki, na ba da shawarar iyakar ta hau kan bashin ko wa ya bayar da shi, a kuma ware wa masu sayen gidan farko gurbinsu daban. Duk da haka ban rubuta a janye ta ba, kuma ba zan rubuta ba. Na ga jadawalin nan a bango. Na kuma san matakan nan ba sa yin abin al'ajabi: Sifaniya ta fara tilasta wa bankunanta ware tanadin asara a lokacin bunƙasa tun shekarar 2000, amma kumburin gidaje ya fi ƙarfin tanadin, a 2012 sai da ta nemi tallafin da zai iya kaiwa yuro biliyan 100 daga ƙasashen da ke amfani da yuro don ceto bankunanta. Darasin da na ɗauka daga wurinsu shi ne tanadin ya yi kaɗan, ba wai bai kamata a yi shi ba.

Wasiƙar gwaji na gaba ta zo da sabon sashe a kan gudun masu ajiya. Ƙa'idar Basel ta kuɗi a hannu tana auna ko banki zai jure fitar kuɗi na kwana 30. Amma a watan Maris na 2023, masu ajiya a Silicon Valley Bank na Amurka sun nemi cire dala biliyan 42 a rana ɗaya, galibi ta intanet, washegari 10 ga wata aka rufe shi. Yawancinsu 'yan harka ɗaya ne, suna jin maganar juna, suka motsa tare. Yanzu ana so mu nuna abin da zai faru a kwana biyar na farko, rana-rana.

Na fara da jerin manyan masu ajiyarmu ɗari. Maimakon in jera su bisa girman ajiya kamar yadda muka saba, sai na ce wa yaron da ke taimaka mini ya rarraba su bisa sana'a, da wanda ke ba su shawara kan kuɗi, da kuma sauran bankunan da muka san suna ajiya a cikinsu. Kafin a tashi aiki ya dawo da takardar, ya ja layi a ƙarƙashin rukuni ɗaya da ya cinye kusan rabin shafin. Na ɗauki waya na kira mutanen baitulmali, na ce su zo da shafin matakan ceton kai na bara, mu zauna da safe.